JARI, AIKI DA LADA: DARASI A KAN KAMFANONI DA ALBASHIN MA'AIKATA

Gabatarwa

Kowace safiya mutanen ƙasar nan sukan fita neman abin da za su ci da iyalinsu. Wani ya nufi shagonsa, wani masana'anta, wani ofis, wani kuwa bakin titi inda ake ɗibar leburori. Dukansu abu uku ne ya haɗa su, watau jari, da aiki, da lada. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa mai karatu yadda ake kafa harkokin ciniki, da inda albashi yake fitowa, da kuma haƙƙin da dokar Nijeriya ta ba wanda ya ɗauki ma'aikaci da wanda aka ɗauka. Wanda bai san waɗannan abubuwa ba yana iya rasa gidansa saboda bashin ciniki, ko kuwa ya yi shekaru yana aiki a sallame shi hannu wofi.

Irin Harkokin Ciniki

Na farko shi ne cinikin mutum ɗaya. Tela, da mai shago, da maƙeri, da mai injin niƙa duk a nan suke. Shi ya kawo jari, shi ke yanke shawara, riba tasa ce shi kaɗai. Amma a idon shari'a shi da cinikinsa abu guda ne. Idan bashi ya fi ƙarfin shagon, masu bin bashi suna iya kai shi kotu a biya su daga gonarsa ko gidansa. Yin rajistar sunan shagon bai canja wannan hukunci ba.

Na biyu shi ne cinikin tarayya, inda mutum biyu ko fiye suke haɗa jari su raba riba da hasara. Bisa ga doka yawansu ba ya wuce 20, sai fa irin su lauyoyi da akantoci. Amfaninsa a fili yake, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haɗarinsa kuwa shi ne, bashin da ɗayansu ya ci da sunan cinikin ya hau kan kowa. Saboda haka lalle ne a rubuta yarjejeniya tun ranar farko: nawa kowa ya kawo, yaya za a raba riba, me za a yi idan wani ya fita ko ya rasu. Zumunci da yawa ya lalace domin an bar waɗannan a fatar baki.

Na uku shi ne kamfani mai hannun jari. Da zarar an yi masa rajista, doka tana ɗaukarsa tamkar mutum mai zaman kansa. Yana iya mallakar fili, ya ci bashi, ya kai ƙara, a kai shi ƙara, kuma mutuwar wanda ya kafa shi ba ta kashe shi. A misali, mutum ya sayi hannun jari na Naira 50,000 ya biya duka. Idan kamfanin ya karye ana binsa miliyoyi, iyakar hasarar mutumin nan ita ce Naira 50,000 ɗin, sai fa idan ya tsaya wa kamfanin lamuni da kansa, ko an same shi da zamba. Wannan ita ce ma'anar haruffan "Ltd" da ake gani a ƙarshen sunayen kamfanoni. Irin wannan kamfani masu shi ba sa wuce 50, kuma ba ya tallan hannun jarinsa ga jama'a. Wanda sunansa ya ƙare da "Plc" shi ne ke da iznin sayar wa kowa, kuma manyansu ake cinikin hannun jarinsu a kasuwar da aka kafa a Legas a 1960. Hukumar CAC, wadda dokar kamfanoni ta 1990 ta kafa, ita ke yin rajista. Sabuwar dokar 2020 ta ba mutum ɗaya tak damar kafa ƙaramin kamfani, abin da a da sai mutum biyu.

Na huɗu shi ne ƙungiyar gama kai, wadda aka yi wa doka a ƙasar nan tun 1935. Manoma ko masunta ko ma'aikata sukan haɗu su sayi taki ko kaya a sari, su tara kuɗi, su ranta wa junansu. Bambancinta da kamfani shi ne, a kamfani yawan hannun jarinka shi ne yawan ƙuri'arka, a gama kai kuwa kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya gare shi.

Daga Ina Lada Yake Fitowa?

Bari mu ɗauki misalin wani gidan burodi. A ce a wata guda ya sayar da burodin Naira 3,000,000. Fulawa da sukari da yis da itace sun ci Naira 2,000,000. Haya da wuta da gyaran tanda sun ci Naira 200,000. Ma'aikata 8, kowanne Naira 70,000, sun karɓi Naira 560,000. Abin da ya rage wa maigida shi ne Naira 240,000, daga ciki kuma zai biya haraji ya ajiye na sabon inji.

To, idan ma'aikatan nan suka nemi ƙari, hanya uku ce kawai. Ko a rage ribar maigida, ko a ƙara wa burodi kuɗi, ko kuwa a ƙara yawan burodin da ake fitarwa da wannan tanda da waɗannan hannuwa. Hanya ta farko tana da iyaka, domin in riba ta ƙare maigida zai rufe ƙofa. Ta biyu masu saye ke ɗaukar nauyinta, su ma kuwa yawancinsu ma'aikata ne. Ta uku ce mai ɗorewa, shi ya sa koyon sana'a, da kayan aiki nagari, da wutar lantarki tsayayya suke da alaƙa da aljihun lebura.

Wani abin da ke sa lada ya hau ko ya sauka shi ne yawan masu neman aikin. Inda mutum ɗari suke jiran aikin dako guda goma, ladan zai yi ƙasa. Inda kuwa mai gyaran injin ya zama ɗaya a gari, shi zai faɗi kuɗinsa. Ana biyan lada ta hanyoyi dabam-dabam: albashin wata, ko ladan yini, ko jinga, watau a biya bisa ga aikin da aka gama, ko kamasho bisa ga abin da aka sayar.

Albashin Takarda da Albashin Kasuwa

Wajibi ne a rarrabe tsakanin adadin da aka rubuta a takardar albashi da abin da kuɗin zai iya saye. Idan albashi ya ninka sau biyu amma mudun gero ya ninka sau uku, ma'aikaci baya ya ci.

Tarihi ya nuna mana wannan. A 1945, bayan tsadar da Yaƙin Duniya na Biyu ya haddasa, ma'aikata suka yi yajin aikin gama gari na fiye da makonni shida, Michael Imoudu na cikin jagororinsu, suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawarar ƙarin albashi mai yawa ga ma'aikatan gwamnati, aka biya su har da ariya a 1975. Kuɗi suka cika hannun jama'a, kayan da ke kasuwa kuwa ba su ƙaru ba, sai farashi ya yi tashin gwauron zabo, ya cinye wani kaso na ƙarin.

An fara dokar albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, a kan Naira 125 a wata. A 2011 ya zama Naira 18,000, a 2019 Naira 30,000, a 2024 kuma Naira 70,000. Watau adadin ya ninka sau 560 tsakanin 1981 da 2024. Amma ba wanda zai ce ƙaramin ma'aikaci ya ninka arzikinsa haka, domin a 1981 Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya daraja, a 2024 kuwa sai an haɗa fiye da Naira 1,000 kafin a sami Dala guda. A lura kuma, wannan doka ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kamar gidan burodin misalinmu, haka nan masu aikin kamasho da na jinga da masu ƙwadagon gona na damina.

Haƙƙin Ma'aikaci a Doka

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta shafi leburori da ƙananan akawuna da makamantansu. Manyan ma'aikata da ƙwararru kuwa, yarjejeniyar da suka sa wa hannu ita ke tsare su. Ga kaɗan daga cikin abin da dokar ta tanada:

1. Kafin cikar wata 3 da fara aiki, tilas a ba ma'aikaci takarda mai nuna irin aikinsa, da ladansa, da lokutan aiki, da sharuɗɗan sallama.

2. Za a biya lada da kuɗi, kuma tsakanin biya da biya kada ya wuce wata guda. Ba a tilasta wa ma'aikaci ya kashe ladansa a kantin maigida.

3. Idan za a rabu, sai a ba da sanarwar kwana 1 ga wanda aikinsa bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga mai shekara 2 zuwa 5, da wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. Wannan sharaɗi ya hau kan ɓangarorin biyu.

4. Bayan wata 12 na aiki, ma'aikaci yana da hutun aƙalla kwanakin aiki 6 da cikakken lada. Yana kuma da har kwana 12 a shekara na rashin lafiya, in likita ya shaida.

5. Mace tana da hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashinta idan ta yi wata 6 tana aikin.

Ban da wannan, dokar fansho ta 2014 ta ce maigida ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Dokar diyya ta 2010 kuma ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki daga asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi.

Ma'aikaci ma akwai haƙƙi a kansa: zuwa a kan lokaci, da kula da kayan aiki, da riƙon amana. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Idan Saɓani Ya Taso

Ma'aikata ba su sami waɗannan haƙƙoƙi a sama ba. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu, a kan rikicin lada. Yau doka ta amince da ƙungiyoyin ƙwadago, kuma tun 1978 akwai babbar ƙungiyarsu ta ƙasa, watau NLC. Amfanin ƙungiya shi ne, maimakon mutum ɗaya ya tsaya gaban maigida, sai wakilai su yi ciniki da sunan kowa.

In an sami saɓani, matakin farko shi ne zama a teburin shawara. Idan ya faskara, sai a kai maganar ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar, domin a yi sulhu. Daga nan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Yajin aiki shi ne mataki na ƙarshe, kuma shi ma yana da ƙa'idojinsa.

Shawararmu ga mai karatu ita ce, in za ka haɗa jari da wani, ku rubuta. In an ɗauke ka aiki, ka nemi takardarka, ka kuma adana shaidar kowane biya. In kai ne maigida, ka riƙe littafin albashi, ka biya lada a kan kari. Ranar da aka je gaban alƙali, takardar nan ita za a fara tambaya.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin cinikin mutum ɗaya da kamfani mai hannun jari idan bashi ya yi yawa?

2. Ma'aikaci ya yi shekara 3 a masana'anta. Sanarwar kwana nawa ta wajaba kafin a sallame shi?

3. Albashin wani ya tashi daga Naira 40,000 zuwa Naira 60,000, kuɗin cefanensa na wata kuma ya tashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 55,000. Gaba ya ci ko baya? Bayyana dalili.