Amsoshin Tambayoyinku: Ajin Share Fage da Kuɗin Tallafi

Wata mai sauraronmu daga Kura ta tambaya: ajin share fagen shiga firamare da ake tafiyarwa da kuɗin tallafi, yana da amfani kuwa, tunda tallafi kan ƙare?

Malama, amfaninsa babba ne, kuma ba alfarma ake yi muku ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin farko, ta kuma ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓa, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta kai wa makarantu. A Kura da Bunkure, lokacin dashen shinkafa ko tsinkar tumatir, iyaye na wuni a gona. Yaron da ya samu aji mai waƙa da tatsuniya da ƙirga da Hausa yakan shiga aji ɗaya bakinsa a buɗe.

Wasu za su ce wasa kawai ake yi. Ai ɗan shekara biyar da wasa yake koyo. Batun ƙarewar kuɗi kuwa gaskiya ne. Sai dai ruwan madatsar Tiga ma ba ya kaiwa gona idan manoma ba su yashe magudana ba. Don haka kwamitin makaranta ya nace a kashe tallafin kan horar da malamai 'yan gari, waɗanda za su zauna bayan kayan wasa sun karye.