Amsoshin Tambayoyinku: Me ya haɗa bazara da hawayen 'yan makaranta a waƙoƙin Japan?

Tambaya daga wani mai karatu a Kubwa, Abuja: Ina da 'ya a ajin ƙarshe na sakandare. Tun da ta fara kallon fina-finan zane na Japan a waya ta kamu da waƙoƙinsu, ta ce waɗanda ta fi so waƙoƙin bazara ake ce musu. Na leƙa, sai na ga ɗalibai cikin kayan makaranta suna hawaye, fure yana zubo musu a ka. Mu dai bazarar da muka sani ta gumi ce da neman inuwa. Mene ne abin waƙa a cikinta, kuma ina ruwanta da 'yan makaranta?

 Allah ya raya yarinya, ya ba ta sa'ar jarrabawa.

Da gaskiyarka, kalmar ce ta rikita ka. Lokacin da Japanawa ke kira haru, mu ba mu da shi a jerin damina, kaka, hunturu da bazara, sai masu fassara suka ara masa sunan bazara saboda watanninsu sun zo ɗaya. A ƙarshen Maris, lokacin da zafin Abuja ke haura maki 35 ana kwana a tsakar gida, a Tokyo da rana bai fi wajen maki 15 ba, mutane na murnar ajiye rigunan sanyi. In kana son ka ji abin da suke ji, tuna ranar da ruwan farko ya sauka a Afrilu, ƙasa ta yi ƙamshi, bayan 'yan kwanaki tsaunukan da ke kan hanyarku ta Kubwa suka fara kore. Wannan sakin jikin shi ne haru.

A harshensu ma ƙuruciya da wannan lokaci a haɗe suke. Kalmar da suke kiran shekarun samartaka da ita, seishun, da haruffa biyu ake rubuta ta: ɗaya na nufin shuɗi ko kore, ɗayan kuma shi ne harafin haru. Wato matashi a wurinsu ɗanyen tsiro ne. Mu ma muna da ɗanyen kai, sai dai mu ba yabo muke nufi ba.

Amma tushen maganar ba a yanayi yake ba, a kalanda yake. Shekarar karatu a Japan a Afrilu take farawa, ta ƙare a Maris. Shekarar kasafin kuɗin gwamnati ma ranar 1 ga Afrilu take somawa, kuma a wannan rana ce manyan kamfanoni ke bikin karɓar sababbin ma'aikata. Saboda haka cikin makonni kaɗan ɗan firamare ya gama, ɗan sakandare ya gama, ɗan jami'a ya gama, an yi wa ma'aikata sauyin wurin aiki, tashoshin jirgin ƙasa sun cika da 'yan rakiya. Ƙasa guda ce take ban kwana a lokaci guda. Inda rabuwa ta taru haka, mawaƙa ba za su rasa kasuwa ba.

Furen da ka gani kuwa sakura ne. Bishiyar takan fid da fure kafin ganye, ta yi fari fat da ɗan ratsin ja, kuma daga cikar furen zuwa zubewarsa bai cika wuce mako guda ba. Yana farawa daga kudancin ƙasar, ya yi ta hawa arewa har ya isa tsibirin Hokkaido wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Abin har da hukuma a ciki: ma'aikatan hukumar kula da yanayi sukan je wurin wata bishiya guda da ke harabar wurin bauta na Yasukuni a Tokyo, in sun ƙirga fure biyar ko shida ya buɗe, sai su sanar cewa sakura ta fito a birnin. Sai dai bari in tona wa mawaƙan asiri kaɗan. Yawancin manyan makarantun sakandare tun farkon Maris suke yaye ɗalibai, lokacin bishiyar ko toho ba ta gama ba. Furen ya fi riskar ranar shiga sabuwar makaranta. Mawaƙa ne suka haɗa rana biyun suka mai da su ɗaya, don abin da ya yi kyau kwana bakwai ya zube ya fi dacewa da ban kwana.

Waƙar yaye ɗalibai tsohuwar al'ada ce a can. Hotaru no Hikari ta fito a littafin waƙoƙin makaranta tun 1881, kuma karin muryarta aro ne daga wata tsohuwar waƙar Sikotlan. Waƙoƙin zamani sun shigo fagen ne daga baya. A 1975 Arai Yumi ta fitar da Sotsugyo Shashin, wato hoton ranar gama makaranta. A 1979 ƙungiyar Kaientai ta yi Okuru Kotoba don wani shirin talabijin kan wani malamin makaranta mai suna Kinpachi, makarantu suka rungume ta, alhali Takeda Tetsuya da ya rubuta ta ya sha faɗa cewa asalinta kukan wanda budurwa ta yi wa kora da hali ne. Haka ma waƙar ƙungiyar Remioromen ta 2004 mai suna 9 ga Maris: don bikin auren abokinsu suka yi ta, yau ta zama ta yaye ɗalibai. Wannan bai ba ni mamaki ba. Duk wanda ya taɓa ganin kukan amarya ranar kai ta ɗakin miji ya san aure da yaye kusan zafinsu ɗaya.

Daga shekarar 2000 sai waƙar sakura ta zama yayi. Fukuyama Masaharu ya yi tasa a 2000, Moriyama Naotaro a 2003, Ketsumeishi da Kobukuro a 2005, Ikimono-gakari a 2006, kowa da sakura a sunan waƙarsa. Wasunsu masu kyau ne, wasu kuwa, in gaskiya za a faɗa, hajar kasuwa ce da ake kawowa don lokacinta ya yi, kamar mangwaro a kasuwar Zuba.

Wadda ni ta fi kwanta mini a rai ba wani shahararren mawaƙi ne ya yi ta ba. A 1991, a ƙaramar sakandaren Kagemori da ke garin Chichibu, shugaban makarantar Kojima Noboru, wanda ke dab da ritaya, ya rubuta baitoci, malamar kiɗa Sakamoto Hiromi ta sa musu kari. Makarantar ta yi fama da ɗalibai masu taurin kai, shi kuma ya ɗauki shekaru yana gyara su ta hanyar rera waƙa tare. Malaman ne da kansu suka rera wa ɗalibai masu fita, da nufin sau ɗaya kawai. Waƙar ita ce Tabidachi no Hi ni, ma'ana ranar kama hanya. Daga makaranta zuwa makaranta ta yi ta yawo, har ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi rerawa a faɗin ƙasar.

Tunda uba ne ke tambaya, dole in ƙara da cewa ba dukansu ne na ladabi da godiya ga malamai ba. Sotsugyo ta Ozaki Yutaka, ta 1985, waƙar tawaye ce: tana kallon makaranta a matsayin kurkuku, gamawa kuma fita daga ƙangi. Ya rasu a 1992 yana ɗan shekara 26, har yanzu matasa na sauraronsa. Akwai kuma soyayya a da yawansu. In ka ga yarinya a hoton waƙa tana riƙe da maɓallin riga, al'ada ce: ranar gamawa takan roƙi yaron da take so maɓalli na biyu daga saman rigar makarantarsa, wanda ya fi kusa da zuciya.

Mu tamu rabuwar a warwatse take, shi ya sa ba ta da lokacin waƙa. Makarantunmu a Satumba suke buɗewa su rufe a Yuli. 'Yan jami'a a Gwagwalada sukan sa fararen riguna abokai su rattaba musu hannu ranar jarrabawar ƙarshe, a duk watan da ta faɗo. Masu yi wa ƙasa hidima, da kake gani a sansaninsu na nan Kubwa, rukuni-rukuni suke zuwa suke tafiya. Walimar saukar Alƙur'ani kuma kowace makaranta da ranarta.

'Yarka za ta zauna WAEC wajen Mayu da Yuni, daga nan ƙawayenta su watse, wata Zariya, wata Kano, wata ɗakin miji. Ina kyautata zaton abin da take ji a waƙoƙin ke nan, ko da ba ta jin harshen. Ka tambaye ta wadda ta fi maimaitawa, ku nemi fassararta ku karanta tare. In ta Kagemori ce, ka ba ta labarin shugaban makarantar. In kuwa ta Ozaki ce, to ka zaunar da ita ka ji yadda take ciki da makaranta.