Bitar Rubutun Umarni Mai Jera Uwayen Garke Bisa Fifiko Da Yanki

1.0 GABATARWA

Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan shi ya sa masu rubuta umarnin kwamfuta ba su sakin aikinsu sai wani ya karanta shi layi bayan layi. Michael Fagan na kamfanin IBM ne ya shimfiɗa ƙa'idojin irin wannan bita a shekarar 1976. Maƙasudin wannan maƙala shi ne nuna abin da ya kamata mai bita ya lura da shi a cikin umarnin da ke jera uwayen garke na kundin sunaye.

2.0 TUSHEN AL'AMARI

Kundin sunaye rumbu ne da ma'aikata ke adana sunayen mutanenta da kalmomin sirrinsu da iyakar izinin kowa. Kwamfutocin da ke riƙe da shi su ake kira uwayen garke, kuma akan tanadi fiye da ɗaya domin kada mutuwar guda ta tsayar da aiki. Ana magana da su ta ƙa'idar LDAP, wadda aka fara wallafawa a 1993, ta ƙofa mai lamba 389.

To, yaya kwamfutar ma'aikaci za ta san wadda za ta fara tuntuɓa? Takan tambayi DNS, shi kuma ya ba ta jerin bayanan da ake kira SRV. Takarda mai lamba RFC 2782, ta shekarar 2000, ita ta tanadi cewa kowane bayani yana ɗauke da fifiko da nauyi da ƙofa da sunan uwar garke. Mai ƙaramar lambar fifiko ita ake fara nema. Idan fifiko ya zo ɗaya, sai a yi ƙuri'a gwargwadon nauyi: tsakanin mai 60 da mai 40, ta farko za ta sami kimanin uku cikin biyar na masu zuwa.

Wasu manhajoji, irin su SSSD da ke haɗa kwamfutocin Linux da Active Directory, sun ƙara ma'auni guda, wato idan fifiko ya zo ɗaya a gabatar da wadda ke cikin yankin mai nema.

3.0 ABUBUWAN DUBAWA

3.1 Kada Yanki Ya Danne Fifiko

Wannan shi ne ƙashin bayan bitar. A ɗauka mai nema yana yankin reshe, ga kuma uwayen garke huɗu:

A, hedkwata, fifiko 0
B, reshe, fifiko 0
C, reshe, fifiko 10
D, hedkwata, fifiko 10

Jerin da ya dace shi ne B, A, C, D. Amma idan marubuci ya fara tattara na reshe kafin ya dubi lamba, sai a sami B, C, A, D. Muddin B tana aiki ba wanda zai ga bambanci, domin jerin biyu duk da ita suka fara. Ranar da ta mutu kuwa, ma'aikatan reshe gaba ɗaya za su afka wa C, alhali shugaban na'urori ya ba ta 10 ne don ta zama ta ko-ta-kwana, wataƙila saboda rauninta. Ke nan umarnin ya warware hukuncin da ba shi da ikon warwarewa.

3.2 Kada Ƙuri'ar Nauyi Ta Lalace

In an riga an yi ƙuri'a kafin a zo kan yanki, wajibi ne jeri na biyu ya bar takwarori yadda ya same su. Ƙa'idar harshen C ba ta yi alkawarin cewa qsort zai kiyaye wannan ba. Saboda haka mai bita zai tambaya ko an bi hanyar da ke kiyaye shi, in ba haka ba kaya na iya taruwa a kan uwar garke guda.

3.3 Gwada Sunaye

DNS ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma cikakken suna yakan ƙare da ɗigo. Haka nan duban ƙarshen suna kawai bai wadatar ba, gama badexample.com ya ƙare da example.com, amma ba ɗan gidan ba ne. Dole a tabbata akwai ɗigo a mahaɗar.

3.4 Gefe Da Gefe

A jarraba jeri wanda ba kowa a ciki, da mai guda ɗaya, da wanda duk fifikonsa ɗaya ne. Rukunin ƙarshe shi aka fi mantawa, domin babu wata lamba a bayansa da za ta nuna ya ƙare.

4.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kurakuran wannan umarni ba su bayyana a ranar lafiya. Don haka mai bita ba zai wadatu da jin cewa an gwada ya yi aiki ba. Zai nemi a kashe B, sa'an nan a nuna masa wadda aka tuntuɓa bayanta.