Akwatin Saƙon Murya da Haɗakar Saƙonni: Kada Kiran Kwastoma Ya Tafi a Banza

Darasinmu na yau ya fi shafar masu sana'a da waya, da matasan da aka damƙa wa kula da layin ofis ko shago. Ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ya tafi sallar Azahar, sai ga kiran wani ɗan kasuwa daga Maraɗi mai son dila biyu. Waya ta yi ta ƙara ba a ɗaga ba, mutumin ya kira shagon gaba. Don irin wannan asarar aka ƙirƙiro akwatin saƙon murya.

Da farko ka sani akwatin nan ba a cikin wayarka yake ba. Yana kan kwamfutar kamfanin layinka ne, ko kan na'urar raba kira ta ofis da ake kira PBX. Abin da ke faruwa shi ne ana karkatar da kiran zuwa can a yanayi uku: idan ba ka ɗaga ba, idan kana kan wani kiran, ko idan wayar a kashe take ko babu sabis. A layukan GSM kowanne yana da lambarsa, wato 61 da 67 da 62 a jere. Danna *#61# za ka ga inda kiranka yake tafiya idan ba ka ɗaga ba, ##002# kuma yana soke duk wata karkatarwa.

Fasahar ta daɗe. Wani Ba'amurke mai suna Gordon Matthews na cikin waɗanda suka fara sayar da ita ga kamfanoni, kuma kamfanin 3M ya fara aiki da tsarinsa tun 1980. A ofis mai PBX, lamba ɗaya jama'a suka sani, amma a ciki kowane ma'aikaci yana da gajeriyar lambarsa, kamar 101 ga mai karɓar oda, 102 ga akanta, kuma kowa da akwatinsa. Yanzu ba sai ka sayi babbar na'ura ba. Manhajar Asterisk da Mark Spencer ya fara a 1999 kyauta ce, akwai kuma irin su FreePBX da 3CX masu aiki ta intanet.

Matsalar tsohon tsarin ita ce sai ka tuna ka kira akwatin, ka sa lambar sirri, ka saurari saƙonni ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka san wanne ne na gaggawa ba. Waye yake da wannan haƙurin a zamanin WhatsApp? Shi ya sa saƙo yake kwana uku ba a ji shi ba.

A nan haɗakar saƙonni ta shigo. Maimakon saƙon ya zauna yana jiranka, sai tsarin ya mai da shi fayil ɗin sauti ya turo maka ta imel ko ta manhajar ofis da ke wayarka, tare da lambar wanda ya kira da lokacin da ya kira. Saƙon murya, da faks, da tes, da imel, duk su taru wuri guda. Kana iya tsallake wanda ba na gaggawa ba, ka tura wa abokin aiki wanda ya shafe shi, ko ka nemo na watan jiya idan gardama ta tashi kan farashi. Microsoft ta saka wannan a Exchange na 2007, daga baya ta cire shi a na 2019 ta mai da aikin kan intanet. A ganina abin da ya fi amfani ga ƙaramin kasuwanci shi ne a tura saƙonnin sashen ciniki zuwa imel ɗin da mutum biyu ko uku suke dubawa, don in ɗaya yana asibiti ɗayan ya gani.

Wasu tsare-tsaren suna rubuta abin da mai kira ya faɗa. Da Turanci ba laifi, amma idan da Hausa aka yi magana kada ka dogara da rubutun, musamman wajen suna da adadin kuɗi. Saurari muryar da kunnenka.

Ka kuma tuna cewa da zarar akwatin ya ɗauka, an fara cin kuɗin mai kira, shi ya sa mutanenmu ke saurin katsewa. Gaisuwarka kada ta yi tsawo: sallama, sunan shago, lokacin da za ka kira shi, sai lambar WhatsApp in akwai.

Saura batun tsaro, wanda da yawa ke wasa da shi. Akwatuna da dama suna zuwa da lambar sirri mai sauƙi irin 0000 ko 1234, kuma ana iya buɗe wasu daga wata wayar. Ta irin wannan ƙofar aka riƙa sauraron saƙonnin mutane a Ingila, badaƙalar da ta kai ga rufe jaridar News of the World a 2011. 'Yan damfara ma suna da tasu dabarar: su nemi WhatsApp ya karanto lambar tantancewarka ta kira cikin dare kana barci, kiran ya faɗa akwatin, su shiga su kwashe lambar, su ƙwace asusun da kake ciniki da shi. Don haka ka sauya lambar sirrin tun ranar farko, ka kunna tantancewa mai mataki biyu a WhatsApp, kuma duk ma'aikacin da ya bar aiki a sauya ta akwatinsa a ranar. Idan kuwa ba ka amfani da akwatin kwata-kwata, kira kamfanin layinka su rufe maka shi.