Ƙaramin Inji a Maƙera

A ƙasar Baure, daga gari har ƙauyukan da ke bakin iyakar Nijar, ba a rasa maƙeri. Shi ke yi mana fartanya da lauje da garma. Da can sai ya aje yaro yana buga zugazugi wuni guda. Yanzu wasu sun sami sauƙi, sun kawo ƙaramin inji mai aiki da lantarki ya karɓi wannan wahala.

Ba sai an sayi sabo ba. Ana cire irin waɗannan injuna daga tsohuwar fanka, ko keken ɗinki, ko mataccen famfon ruwa. 'Yan gwangwan suna da su, akwai su kuma a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Amma kada mu biya kuɗi sai mun duba ɗan farantin da ke manne a jikin injin. A nan aka rubuta irin wutar da ya ke ci, da ƙarfinsa, da yawan juyin da ya ke yi cikin minti ɗaya. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, batirin ƙaramar mota kuwa bolt 12. Wanda ya haɗa injin batir da wutar gida ya ƙone kuɗinsa nan take.

To, ga babbar magana. Yawancin injunan nan sauri gare su fiye da kima. Wani ya kan juya kamar sau 1,400 a minti, wani 2,800. Mai huda ƙarfe ba ya son haka, domin bakin mahujin zai yi zafi ya dakushe. Dabarar ita ce fuli, watau wili mai kwarmi a gefe inda bel ke zama. A sa ƙarami a jikin inji, babba a jikin abin aiki. In ƙaramin inci 2 ne, babban inci 8, sai ƙaramin ya juya sau 4 kafin babban ya juya sau ɗaya. Ashe 1,400 ya koma 350 ke nan. Abin daɗin kuwa, saurin da aka rage ba ɓata ya yi ba, ya zama ƙarfin murɗawa. Masu keke sun san wannan tun tuni, in sun zo hawan tudu.

Mu a ganinmu, wanda ya fi dacewa da ƙauye shi ne injin da ke share gilashin mota. Da batir ya ke aiki, batirin kuwa farantin hasken rana zai cika shi, babu ruwanmu da ɗaukewar wuta. Akwai haƙoran ƙarfe a cikinsa masu rage sauri, saboda haka juyinsa a minti bai cika wuce 60 ba. Ya isa ya tura ƙarfe sannu a hankali, ko ya juya abin da a ke gogewa. Injin fanka kuwa ba shi da ƙarfi, a bar shi ga hura gawayi.

Mawashi mai juyawa shi ne abin tsoro. A jikinsa an rubuta iyakar juyin da zai iya ɗauka. In aka zarce, sai ya tarwatse, ɓarɓashinsa ya kan tsiyaye ido, har ya kan yi kisa. A yi masa murfi, a rufe bel, a sa tabarau. Kada a tsaya gaban inji da babbar riga ko rawani mai jela, kada kuma a bar yara kusa.

Ga lissafi ku gwada a allo. Inji yana juya 2,800, fulinsa inci 3. Muna son 700. Inci nawa babban fuli zai zama?