Kiwon Aladu: Hanyar Kare Garke Daga Zawon Jini Na Makon Farko

Kiwon aladu sana'a ce da ta kafu a sassa da dama na Nijeriya, musamman a kudancin Jihar Kaduna da jihohin Binuwai da Filato da Nasarawa da kuma kudancin ƙasar. Kasuwar Katsit da ke kusa da Kafancan tana daga cikin manyan kasuwannin aladu na ƙasar nan, haka kuma gandun Oke-Aro da ke kan iyakar jihohin Legas da Ogun ya shahara wajen yawan masu kiwo. Abin da ke jawo hankalin masu zuba jari shi ne saurin hayayyafa, domin aladiya kan ɗauki ciki na kwana 114, ta haihu sau biyu a shekara, kowace haihuwa kuma ta zo da 'ya'ya 8 zuwa 12. Amma ribar sana'ar ta dogara ne a kan yawan 'ya'yan da suka rayu har zuwa yaye.

Tun daga shekarar 1997 da annobar zazzaɓin aladu ta Afirka ta ɓulla a Nijeriya, da kuma ɓarnar da ta yi a Oke-Aro a 2020, hankalin makiyaya ya fi karkata gare ta. Sai dai akwai wata cuta da ke cin jari a ɓoye cikin ɗakin haihuwa, wadda kuma, saɓanin waccan annoba da ba ta da magani, hanyar kare kai daga gare ta sananniya ce kuma mai rahusa. Wannan ita ce cutar hanji da ƙwayar Kilostiridiyam ke haddasawa.

Yadda cutar take

Ƙwayar tana zaune a cikin hanjin aladiya ba tare da ta nuna alamar ciwo ba, tana fita tare da kashi, ta gurɓata daɓen ɗaki da kan nonon uwar. Da zarar an haifi ɗa ya kama nono, sai ya haɗiye ta. A wajen jiki kuwa takan lulluɓe kanta da wani ƙwanso mai tauri wanda ke jure zafi da bushewa da yawancin magungunan wanke ɗaki, ta daɗe a ƙasa tana jiran haihuwa ta gaba.

Nau'in da ya fi muni shi ne wanda masana ke kira nau'in C. Yana fitar da dafi mai ruɓar da bangon ƙaramin hanji. A jikin babban alade akwai wani sinadarin narkar da abinci mai suna tirifsin da ke lalata wannan dafi, amma a hanjin jariri sinadarin bai da ƙarfi a kwanakin farko. Wannan ne dalilin da ya sa cutar ta fi kama 'ya'ya daga ranar haihuwa zuwa kwana 7. Alamominta su ne zawo mai jini, da kasala, da sanyin jiki, wani lokaci ma sai dai a wayi gari a tarar da gawa. Idan ta shiga 'ya'yan aladiyar da ba a yi wa riga-kafi ba, tana iya ƙarar da su baki ɗaya. Akwai kuma nau'in A, wanda zawonsa mai kauri ne, fari ko rawaya. Bai cika kisa ba, amma yakan tsumburar da 'ya'ya, ya jinkirta kai su kasuwa.

Lissafin asara

Mu ɗauki misalin mai aladiya 10, kowace tana haifar 'ya'ya 10 sau biyu a shekara, wato 'ya'ya 200. Idan cutar ta ƙarar da haihuwa 4 daga cikin 20, ya yi asarar 'ya'ya 40, kashi 20 cikin ɗari ke nan na abin da zai sayar. Kuɗin abincin da iyayen suka ci tsawon goyon ciki, da ladan ma'aikata, da kuɗin haya, duk an riga an kashe su, kuma ba za su ragu ba. Saboda haka sauran 'ya'ya 160 ne za su ɗauki nauyin kuɗin da ya kamata 200 su ɗauka. Magani bayan zawon jini ya bayyana ba kasafai yake ceto ba, domin dafin ya riga ya yi aikinsa.

Matakan kariya

Mataki na farko shi ne allurar riga-kafi ga uwar. Ana yi wa aladiya mai cikin fari allura sau biyu, ta farko kimanin mako 5 zuwa 6 kafin haihuwa, ta biyu kuma mako 2 zuwa 3 kafin haihuwa. A cikin da zai biyo baya allura ɗaya ta isa, mako 2 zuwa 3 kafin haihuwa. Wannan ya nuna wajibi ne mai gona ya rubuta ranar barbara, domin daga gare ta ake ƙirga kwana 114. Dole ne a ajiye allurar cikin sanyi na digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, a bi umurnin da ke jikin kwalba, kuma a tambayi likitan dabbobi nau'in da take karewa, domin allurar nau'in C ba ta wadatar wa nau'in A.

Mataki na biyu shi ne dakashi, wato nonon farko. Ɗan alade yakan zo duniya ba tare da garkuwar jiki daga uwarsa ba, sai ta hanyar dakashi yake samun ta, kuma hanjinsa yakan daina karɓar wannan garkuwa bayan awa 24 zuwa 36. Awa 6 na farko su ne mafi muhimmanci. Don haka a tsaya a kan haihuwa, a goge kowane ɗa, a ɗora shi a kan nono. Idan 'ya'yan sun yi yawa, a keɓe manyan na ɗan lokaci bayan sun ƙoshi domin ƙananan su samu. Allurar da aka yi wa uwa ba ta da amfani ga ɗan da bai sha dakashi ba.

Mataki na uku shi ne tsabta da ɗumi. A kankare kashi, a wanke ɗakin haihuwa da ruwa da sabulu, a fesa magani, a bar shi ya bushe kafin a shigar da wata aladiya. A wanke cikin uwar da nononta kafin ta shiga, a riƙa kwashe kashinta kullum. Jarirai suna bukatar ɗumi na digiri 30 zuwa 34, musamman a lokacin hunturu, domin wanda sanyi ya kama ba ya iya kokawar nono. Haka kuma a killace duk aladiyar da aka sayo daga kasuwa kafin a haɗa ta da garke.

Idan aka fara ganin mace-mace, a gaggauta kiran likitan dabbobi domin a gwada hanjin gawar, kasancewar akwai wasu ƙwayoyin cuta da ke kawo zawo makamancin wannan. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana da ɗakunan gwaje-gwaje na irin wannan aiki. Hausawa na cewa riga-kafi ya fi magani, kuma ga mai kiwon aladu da ke son jarinsa ya ɗore, littafin rubuta ranar barbara da kuɗin allura abubuwa ne da ya kamata su shiga kasafin kowace shekara.