Kafin A Sauke Inji: Yadda Waya Za Ta Taimaka Wajen Gano Ciwon Tsohuwar Mota

Tsohuwar Corolla ta fara karkarwa, ƙarfinta ya ragu, fitilar inji ta kunnu, makanike kuma ya ce sai an sauke inji. A nan yawancin masu mota ke asarar kuɗi, domin sau da yawa ciwon bai kai can ba.

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket na OBD-II mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ana soka ƙaramar na'urar ELM327 a ciki, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja irin Torque. Lambar P0302 na nufin silinda ta biyu ba ta ƙona mai daidai. Sai dai lambar wurin ciwon take nunawa, ba dalilinsa ba, kuma a nan ake yawan yin kuskure.

Gwajin farko kyauta ne: a musanya kwayil ɗin silinda ta biyu da na ta uku, a goge lambar, a sake tayar da mota. Idan ta koma P0303, kwayil ne ya mutu, magana ta ƙare. Idan ba ta motsa ba, a duba fulogi da nozul, sannan a auna matsin iskar kowace silinda. Silinda biyu maƙwabta da suka yi ƙasa tare, ga ruwan lagireto na raguwa da farin hayaƙi, alamar gasket ce. Idan ɗaya ce, a zuba mata cokalin baƙin mai a sake awo. Matsin ya tashi, ringi ne ya cinye. Injin 1ZZ-FE na farko-farko ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda wannan.

Daga nan sai lissafi. Canza gasket ya fi sauƙi, muddin zafi bai lanƙwasa kan injin ba. Amma idan ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasa, karanshaf ya taɓu, kuɗin gyara da kayan aiki kan kusanci farashin injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Shi ma ba tabbas gare shi ba, don haka a nemi sharaɗin mayarwa a rubuce. Idan giya da ƙafafu ma sun gaji, kuɗin ya wuce rabin darajar motar, sayar da ita a yadda take ya fi.